Shin Ko Kun San? Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Daga Dabokpa Har Habana

Shin ko kun san cewa a Amurka akwai wata guda cur da aka keɓe domin karrama mutanen da asalinsu ya fito daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci? Yana kamawa ne daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. Da mako guda aka fara a 1968, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, sai a 1988 Ronald Reagan ya sa hannu aka mai da shi wata. An fara shi daga tsakiyar wata ne saboda ranar 15 ga Satumban 1821 ƙasashe biyar suka ɓalle daga mulkin Sifaniya: Kosta Rika, El Salbado, Gwatamala, Honduras da Nikaragwa. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen nan sun haura miliyan 62 a Amurka, kuma su ne suka fi cika azuzuwan dare inda manya ke koyon Turanci. A watan nan makarantun manya sukan yi biki, a kira dattijuwar da ta wuni tana goge benaye a miƙa mata takardar shaida, jikokinta suna tafi.

To, me ya haɗa wannan da Dabokpa da ke cikin Tamale? Abin da ya haɗa su ya fi yadda ake zato.

Shin ko kun san cewa ƙidayar Ghana ta 2021 ta ce kashi 69.8 cikin ɗari na 'yan shekara shida zuwa sama ne suka iya karatu da rubutu? A yankin Akara adadin ya kai 87.9. A yankin Arewa, inda Tamale take, bai kai rabi ba. Yankin Savannah kuwa, wanda aka yanko daga Arewa a 2019, shi ne kurar baya da 32.8.

Ga inda abin yake da ɗaure kai. A cikin wannan yanki na Savannah Salaga take, garin da fataken Kano da Katsina suka yi ta tururuwa zuwa cikinsa domin goron Gwanja, garin da a ƙarni na 19 malamai suka yi masa yawa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, a Salaga ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, daga baya ya koma Kete Karachi inda ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci, ya yi da Hausar ajami, har da littafin koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Tun kafin shi ma, a tsakiyar ƙarni na 18, malaman Gwanja sun riga sun rubuta tarihin sarakunansu da Larabci. A shekarun 1960 sai da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tura mutane gida-gida a arewa suna tattaro irin waɗannan takardu. Saboda haka idan an ce arewa ta yi baya a karatu, a fara tambaya: wane karatun? Dattijon da ke rubuta bashin kantinsa da ajami, yana sauke Alƙur'ani duk wata, bai cancanci a kira shi jahili ba don kawai takardar banki ta gagare shi.

Shin ko kun san cewa Sifaniyanci ma an taɓa rubuta shi da ajami? Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, Musulmin Andalus da suka rage sun ci gaba da rubuta harshen Sifaniya da baƙaƙen Larabci: fiƙihu, addu'o'i, ƙissoshin annabawa, magunguna. Da aka tsananta musu sai suka riƙa ɓoye littattafan a bango da ƙarƙashin daɓe. A 1884 magina suna gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra da ke Aragon, suka ci karo da tarin irin waɗannan littattafai. Malamin zaure na Tamale zai iya haɗa baƙin da ke ciki ya furta, ko da bai san abin da yake faɗa ba.

Shin ko kun san cewa tazarar shekara 75 ce tsakanin sakandaren farko a kudancin Ghana da ta farko a arewa? An buɗe Mfantsipim a Cape Coast a 1876. Sakandaren Tamale sai a 1951. Turawa sun mai da Tamale hedikwatar arewa a 1907, suka buɗe firamaren gwamnati a 1909, kwalejin horon malamai ta Bagabaga kuwa sai 1944. Ba mantuwa ba ce. Arewa a wurinsu rumbun 'yan ƙwadago ce, masu haƙar zinariya da masu aikin gonar koko da masu ɗaukar bindiga, kuma mai wannan aiki ba a son ya yi boko da yawa. Su ma iyaye Musulmi suna da nasu tsoron, kada makaranta ta raba yaro da addininsa. Sai da makarantun da suka haɗa Larabci da Turanci suka yaɗu, irin su Anbariyya da Afa Ajura ya kafa a Tamale, aka kuma kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi a 1987, sannan zukata suka ɗan kwanta. Kakar da kuka gani yau tana dangwala yatsa a takarda, wannan tarihin ne ya hana ta alƙalami.

Shin ko kun san cewa yaƙi da jahilci a Ghana da na Arewacin Najeriya kusan sa'annin juna ne? Gwamnatin Kwame Nkrumah ta fitar da shirinta na ilimin manya a 1951, aka bazama ƙauyuka a 1952 da salon Ba'amurken nan Frank Laubach, wanda dokarsa ɗaya ce: wanda ya koya, ya koyar da wani. A shekarar 1951 ɗin ne kuma aka kafa hukumar wallafa littattafai da harsunan gida, wadda har yau take da ofis a Tamale. A can Najeriya kuwa, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau. Waɗanda suka tsara wannan sun fahimci abin da har gobe ake mantawa da shi. Babban da ya koyi karatu, in bai sami abin karantawa ba, bayan damina biyu ya koma gidan jiya.

Yanzu mu tsallaka teku.

Shin ko kun san cewa a 1961 Kyuba ta rufe makarantunta na tsawon watanni, ta tura yara kusan dubu ɗari ƙauyuka su koyar da manya? Akwai 'yan shekara goma sha biyu a cikinsu, kuma fiye da rabinsu mata ne. Kowa an ba shi littafi biyu, ɗaya na ɗalibi ɗaya na malami, da kayan sawa, da fitilar aci-balbal ta zamani mai aiki da kananzir, domin darasin na dare ne. Da rana yaro ya bi mai masaukinsa gona, da dare manomi ya zauna gaban yaro. Ba wasa aka yi ba, an ma rasa rayuka: 'yan tawaye sun kashe wani matashin malami, Conrado Benítez, a farkon shekarar, suka kuma kashe Manuel Ascunce, ɗan shekara 16, a watan Nuwamba. Ranar 22 ga Disamba aka sanar cewa mutum dubu 707 sun koyi karatu, rashin iya karatu ya sauko zuwa kashi 3.9 daga sama da kashi 23. Jarrabawar ƙarshe ita ce kowane ɗalibi ya rubuta wa Fidel Castro wasiƙa da hannunsa, kuma wasiƙun suna nan jibge a wani gidan tarihi a Habana. Siyasa ta shiga cikin darussan dumu-dumu, wannan ba a musu. Amma su ma masu sukar gwamnatin ba su ce mutanen ba su koyi karatu ba.

Nikaragwa ta kwaikwayi wannan a 1980, har UNESCO ta ba ta lambar yabo.

Shin ko kun san cewa akwai salon koyar da manya da ke shiga baƙaƙe ta ƙofar lambobi? Wata malama 'yar Kyuba, Leonela Relys, ita ta tsara shi a farkon shekarun 2000, ana kiransa Yo, sí puedo. Hujjarta mai sauƙi ce: babban da bai san baƙi ko ɗaya ba, ya san lamba, domin kullum yana ƙirga kuɗi. Sai aka ɗaura wa kowane harafi lamba: a ta zama 1, e ta zama 2, i 3, o 4, u 5, sauran baƙaƙe su biyo. Darasi 65 ne a faifan bidiyo, mai jagorantar aji kuma ba sai ƙwararren malami ba. Ku kai wannan salo Kasuwar Aboabo ta Tamale ku gani. Hajiyar da ke sayar da doya tana riƙe da bashin mutum goma sha biyar a ka, ta san lambar wayar ɗanta na Kumasi da ta dillalinta na Techiman, ba ta taɓa kuskuren canji. In aka ce mata wannan alamar ita ce ta uku, an kama ta ta inda ƙarfinta yake. Benezuwela ta ɗauki salon a 2003, Bolibiya ta bi baya, an kai shi har wurin 'yan asalin Ostireliya. Alƙaluman nasarar da Benezuwela ta bayar dai wasu masu bincike sun ce an zuba musu gishiri, kuma gwamnati in tana yabon kanta, a rage wani abu.

Shin ko kun san cewa Paulo Freire, wanda duk mai harkar ilimin manya ke ambata, ba ya cikin waɗanda ake wa wancan biki na masu Sifaniyanci? Ɗan Burazil ne, harshensu Fotugisanci. A 1963 a garin Angicos ya koyar da ma'aikata kusan 300 karatu cikin kwana 45. Sojoji suka yi juyin mulki a 1964, suka ɗaure shi, ya yi gudun hijira zuwa Cile, kuma a can cikin masu Sifaniyanci ya rubuta littafin da ya fito da sunansa. Tunaninsa ya iso arewacin Ghana ta hannun ƙungiyar ActionAid, wadda ta fara aiki a yankin Bawku a 1990, da wani salo mai suna REFLECT da aka fara gwadawa a El Salbado da Yuganda da Bangaladash. A wannan salo ba a fara da littafi. Mata su zauna a gindin bishiya, su zana taswirar ƙauyensu a ƙasa da tsinke: dutse shi ne rijiya, ganye shi ne gonar gyaɗa, murfin kwalba shi ne injin niƙa. A yi ta muhawara a kan me ya sa rijiyar ta yi nisa da gidaje. Sai an gama sannan a kwafe zanen a takarda, kalmar farko da za a koya kuma ta fito daga cikin muhawarar.

Shin ko kun san cewa akwai 'yan Ghana da suka iya Sifaniyanci kamar a can aka haife su? Daga 1983, zamanin Rawlings, an tura ɗaruruwan yara Tsibirin Matasa na Kyuba, inda aka ware musu makarantarsu. Da dama sun dawo likitoci da injiniyoyi. Likitocin Kyuba kuma sun daɗe suna aiki a asibitocin arewa, har da Tamale, inda su ma da girmansu suke fama da Turanci a bakin gado, ga kuma tsohuwa tana bayanin ciwonta da Dagbanci.

Shin ko kun san cewa a nan Tamale aka tabbatar da cewa wata tara sun isa yaro ya iya karatu, muddin da harshen uwarsa aka fara? Shirin School for Life ya soma a 1995, haɗin gwiwar wata ƙungiyar raya karkara ta yankin da abokan hulɗarta na Denmak. Yara 'yan shekara 8 zuwa 14 da makaranta ta wuce su, 25 a aji, darasi da yamma bayan an dawo daga gona ko kiwo, malami ɗan ƙauyen ne, littafi da Dagbanci ko Gwanjanci. Bayan wata tara yaro ya shiga firamare, sau da yawa a aji uku ko huɗu, Turanci kuma ya zo masa da sauƙi domin ya riga ya san yadda baƙi ke haɗuwa da wasali. Ita ma cibiyar GILLBT, da ta faro a 1962 kuma hedikwatarta ke Tamale, ta tsara wa harsunan arewa da dama ƙa'idar rubutu. Aikinta na asali fassarar Baibul ne, amma azuzuwanta na manya Musulmi da yawa sun amfana da su.

Ga wani abin takaici. Harsuna 11 gwamnatin Ghana ta daɗe da amincewa da su a makarantu, akwai Dagbanci da Gwanjanci da Kasem da Dagare, amma babu Hausa. Alhali gidan rediyon ƙasa yana labarai da Hausa, kuma daga Nima ta Akara zuwa Zangon Kumasi zuwa Zangon Hausawa na Tamale da ita ake ciniki da wa'azi. Bazangon da ya je ajin manya, ko dai ya koyi baƙi da harshen maƙwabcinsa, ko a jefa shi cikin Turanci kai tsaye. A ganina wannan kuskure ne mai sauƙin gyara, tunda littattafan koyon Hausar boko sun fi shekara tamanin ana buga su a Zariya.

Shin ko kun san abin da ke koro manya aji a yau? Waya ce. Tun da MTN ta kawo tura kuɗi ta waya a 2009, duk saƙon da ke shigowa da Turanci yake. Ku leƙa ajin dare a unguwa irin Dabokpa bayan isha'i. Bencin yaran firamare ne, gwiwar dattijo tana dukan teburi. Hannun da ya saba da guduma ya damƙe fensir har sai ya karye. Malamin sa'an ɗansu ne, sai ya ɗan rusuna: “Hajiya, a sassauta riƙon, ba zai gudu ba.” Ita kuma ta zaro waya daga ƙugu: “Ɗana, bar wannan tukuna. Duba mini nan, kuɗin sun shigo ne ko ɓarayin nan ne suka sake turo ƙarya?” Malami mai hankali zai ajiye darasin da ya shirya, ya rubuta saƙon a allo, a bi shi kalma-kalma. Wannan hajiya ba ta zo don ta karanta jarida ba. Ta zo ne don ta daina miƙa wa baƙo lambar sirrinta, ta gane ranar da asibiti ya rubuta mata a kati, ta sa hannu a takardar adashe maimakon dangwale.

A Dabokpa ɗin dai akwai makarantar koyon sana'a ta gwamnati, inda Turanci da lissafi ke cikin darussan dole. Wanda ya koyi ɗinki ko walda a wurin maigida, bai yi boko ba, shi ma ba a rufe masa ƙofa ba: hukumar NVTI, da aka kafa a 1970, ta fito da jarrabawar gwaninta ta aiki da hannu da amsa tambaya da baki. Sai dai matakin gaba yana son rubutu, a nan ne gwanaye da yawa suke cijewa. Sashen ilimin manya da aka kafa a 1987, wanda dokar 2020 ta mai da shi hukuma mai cin gashin kanta, shi ya kamata ya tare su a daidai wannan gaɓa.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin malaman lissafi mafi suna a Amurka ya isa ƙasar ne bai iya Turanci ba? Jaime Escalante, haifaffen La Paz ta Bolibiya a 1930, ya yi shekaru yana koyarwa a gida, amma da ya isa Kalifoniya takardunsa ba su yi masa amfani ba. Ya yi aikin share-share a gidan abinci, yana zuwa ajin dare, ya sake digiri daga tushe. A 1982 ɗalibansa 18 na sakandaren Garfield, 'ya'yan talakawa 'yan asalin Mekziko, suka ci wata jarrabawar lissafi mai tsauri. Hukumar jarrabawa ta zargi yawancinsu da satar amsa. Goma sha biyu suka sake zama, suka sake ci. An yi fim a kansa a 1988.

Shi kuwa Felix Tijerina, a gidan abinci a Houston ya tsinci Turancinsa yana kwashe kwanuka. Da ya yi arziki sai ya ɗauki nauyin wani aji a garin Ganado na Texas a 1957, inda ake koya wa yara kalmomin Turanci 400 kacal kafin su shiga firamare. A birnin Washington kuma, makarantar Carlos Rosario ta faro a 1970 domin masu Sifaniyanci, yau ga Habashawa da 'yan Afirka ta Yamma a bencinta.

Shin ko kun san cewa 'yan zangonmu na New York a cikin masu Sifaniyanci suke zaune? Fiye da rabin mazauna Bronx masu Sifaniyanci ne, galibi 'yan Dominika da Foto Riko, kuma a nan ne Masallacin Yankasa na 'yan zangon Ghana yake. Direban tasi daga unguwar Sakasaka ko Lamashegu ta Tamale, in ya je ajin Turanci na kyauta a laburaren unguwa, da su zai zauna, a azuzuwan da yawansu da fafutukarsu suka sa aka buɗe. Jarrabawar zama ɗan ƙasa ba ta kai yadda ake tsoronta ba ta fuskar rubutu: a ba ka jimla uku ka karanta ɗaya daidai, a yi maka shifta uku ka rubuta ɗaya daidai, sannan tambayoyin tarihi da tsarin mulki da baki. Wanda ya kai shekara 50 kuma ya yi 20 da katin zama, ko ya kai 55 ya yi 15, an ɗauke masa Turancin baki ɗaya. Zai zo da tafintansa, ya amsa tambayoyin da Hausa ko Dagbanci.